Jego Babu Kanwa

Alhamis, 12 ga Janairu 2023

Na iso Beljik. Jakata ba ta iso ba.

Ba ta tufafi ba, wannan ta zo, zannuwa na nan lafiya lau kamar su na zo yi wa jego. Babbar nake nufi. Mai gero, da kanwa, da daddawa, da kuka, da busasshen ganyen bedi, wato darbejiya, na wanka, da yajin da muka daka ni da Lami maƙwabciyata har hannu ya yi mana kanta. Musbahu, mijin autata Sakina, ya tsaya da mutanen filin jirgi suna ta Faransanci. Wai za a nemo. Na ce a ina ta ɓace, a sama ko a ƙasa?

Sakina ta haihu ran Litinin. Namiji, haihuwar fari. Aiki aka yi mata, ciki aka tsaga. Da a Cadawa ne ita za ta zo ɗakina wanka. Yanzu ni aka ɗauko aka kawo mata, hannu rabbana.

Tun karatun manya ban sake riƙe biro ba. To da wa zan yi magana, bango?

Juma'a, 13 ga Janairu

Na je gidan likita na gan ta. Ta yi fari fat. Abin da ke gabanta: burodi, da wani cuku mai warin ƙafa, da nono mai sanyi daga firigo. Mai jego! Na kai hannu zan ɗauke, ta riƙe mani hannu.

"Inna, ki bari. Nan haka suke."

Yaron ɗan mitsitsi. Kunnuwan Malam mijina, Allah jiƙan shi.

Asabar, 14 ga Janairu

An sallamo ta. Sajfam, ungozomarsu ta nan, ta biyo mu har gida, yarinya ce da zobe a hanci. Ta yi ta magana, Sakina na juya mani. Ba wankan ruwan zafi da ganye, saboda ɗinki. Tansiyo ya hau, wato hawan jini, tun tana da ciki, sai a rage gishiri. Sai Sakina ta ƙara da nata: "Inna, har kanwa. Na gaya wa likita irin kununmu, ya ce a'a."

Na ce to.

Mi zan ce? Kanwar ma tana cikin jaka, jakar tana hannun Allah. Sai wani ɗan gutsure da ke ƙulle a bakin zanena, wanda nake lasa in ƙwannafi ya taso mani. Shi ban faɗa ba.

Gidan a saman bene yake, ɗaki biyu da wani lungu da ake girki. Musbahu ba ya iya cin abinci gabana, ni ban iya ci gabanshi. Yau a tsaye ya ci, fuska a bango, kamar wanda aka yi wa horo a lakol, makarantar boko.

Litinin, 16 ga Janairu

Suna. Rago a Cadawa aka yanka, mu hoton rago muka gani a waya. An sa mashi sunan Malam, Isma'ila. Na rubuta, amma bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, ba yau zai fara ba. Maigida zan ce mashi. Na ce, Maigida, ka dawo ke nan, ko cefane babu? Ya yi mani fitsari a zane. Halin bai canja ba.

Mutane ƙalilan suka zo. Cikinsu wata Balkisu, mutuniyar Cadakori, ta daɗe a nan, aikin kula da tsofaffi take a wani gida da ake tara su. Bakinta ba ya hutawa. Ta kawo ƙafar sa daga mahaucin Larabawa, na yi ƙauri. Ba daddawa, ba yaji, gishiri kamar an ranta. Ruwan ƙashi ne kawai. Sakina ta kurɓa ta ajiye.

Musbahu ya je har kantin 'yan Kongo a babban gari neman gero. Ya dawo da manja da ganyen rogo. Gero ya ƙare, sai wata mai kamawa.

Laraba, 18 ga Janairu

Lami ta aiko murya a wasaf. "Cima, kin fara mata kunun? Safe da yamma fa, da kanwa sosai. Ƙasar nan taku an ce ruwa ma daskarewa yake. Kar ki bari sanyi ya shige ta, kin dai san abin da ya faru."

Na sani. Ba sai an tuna mani ba.

Yayar Sakina, ta farina, Zainaba. Har ta rasu ban taɓa kiran sunanta ba. Ta haihu a ɗakina, na yi mata komi, wanka safe da yamma, kunun kanwa har sai ta ce ta ƙoshi in ce ƙara. Ana gab da arba'in ta kumbura, numfashi ya gagara, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Mutane suka ce shekarar itace ya yi wuya, ruwan bai tafasa yadda ya kamata ba, sanyi ya shige ta. Haka na riƙe tun ran nan.

Ga wannan, ko ruwan ɗumi ba a watsa mata ba. Ga taga, waje fari. Ba ta cin komi. Yaro ya kama nono ya saki ya yi kuka.

Juma'a, 20 ga Janairu

Na samu gero!

Musbahu ya kai ni babban kanti in ga gari. Shina can wurin kayan jarirai, na bi wani layi, sai ga shi a leda. Ƙwayar ta fi tamu haske, zagaye, amma gero ne, na san gero ko a mafarki. Har da hoton tsuntsu a jikin ledar. Na ce daidai, ai ko a gona tsuntsu ba ya sauka kan zangarniyar banza. Na ɗauki biyu na tura ƙarƙashin kayan yaro. Waya na kunnenshi ya biya, bai duba ba.

Asabar, 21 ga Janairu

Ba turmi a ƙasar nan. Na zuba geron a tukunya, na yayyafa ruwa, na zauna ƙasa ina surfe da gindin kwalba. Ban yi nisa ba na ji ana buga mana daga ƙasa, dum dum dum. Na tsaya, aka tsaya. Na ci gaba, aka ci gaba. Na ɗauka wata ce ke taya ni lugude.

Sakina daga ɗaki: "Inna, tsohon da ke ƙasanmu ne! Da sandar shara yake bugun rufinshi. Zai kira 'yan sanda."

A kira 'yan sanda don mace na daka. To.

Na jiƙa, na zuba a injin markaɗe, ya haɗa da dusa da komi ya niƙe. Na tace da kallabina. Citta da kanumfari akwai. Na tafasa ruwa. Na kwance bakin zane.

Kaɗan na gutsura. Wallahi kaɗan. Kunun ya juya ya yi kalar nan da na sani, ƙamshin ya tashi, sai na ga kamar ina tsakar gidana.

Lahadi, 22 ga Janairu

Musbahu ya ga ledar a shara. Ya shigo da ita ya tsaya bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa ido.

"Inna... wannan na tsuntsaye ne. Na cikin keji."

Na ce geron ne na tsuntsaye? Mu kuma da muka girma da shi mi ne ne?

Sakina ta riƙe ɗinki tana dariya tana wayyo, tana "Inna ki daina, zai ɓalle." Tun da na zo ban ga haƙoranta ba sai yau. Ta ce tunda jiya ta sha ba ta yi fiffike ba, a ƙaro. Ta sha kofi biyu. Ta tambaye ni, "Ba kanwa ko?" Na ce ina na ga kanwa?

Ta san ɗanɗanon. Ta dube ni, ta shanye.

Talata, 24 ga Janairu

Kunu safe da yamma. Tana sha. Gutsuren ya kusa ƙarewa. Jaka shiru.

Laraba, 25 ga Janairu

Takalmin ɗaka bai shiga ƙafarta ba.

Alhamis, 26 ga Janairu

Da hantsi ta ce kanta kamar ana sara, idonta na ganin walƙiya. Sajfam ta zo ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta sake ɗaurawa, sai ta daina murmushi. Mota mai jiniya ta zo. Na danna ƙafar Sakina da yatsa kafin su ɗauke ta. Ramin ya zauna, bai taso ba. Na taɓa ganin ramin nan.

Bayan la'asar Musbahu ya dawo ɗaukar kaya. Yaron da bai taɓa haɗa ido da ni ba, yau ya tsaya gabana tsaye.

"Inna, don girman Allah. Likita na tambaya. Akwai abin da aka sa a kunun?"

Na kwance bakin zane na ɗora mashi a tafin hannu. Abin da ya rage bai kai ƙwayar gujiya ba. Ya dube shi. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mani.

Ya ce, "To, Inna." Ya fita.

Asabar, 28 ga Janairu

Ni da Maigida. Madarar gwangwani a bibero, Musbahu ya nuna mani yadda ake aunawa. Na shayar da tara da ƙirjina, yau ina karatun kwalba.

Shina sha kamar ba gobe. Bai damu ba. Maza.

Litinin, 30 ga Janairu

Ta dawo. Kumburin ya sauka. Ƙwayoyi a leda kamar mai kanti.

Ta kira ni ɗaki ta ce in zauna bakin gado. Ta ce likita bai ce kunun ne kaɗai ba, tansiyon dama yana nan, ko ba kunu zai iya tashi. Amma kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar mai jego kuma a gajiye take. Wai in aka haɗa mata da zafi kullum, wata zuciyar ba ta ɗauka, sai mace ta kumbura, numfashi ya gagara.



Ta ce, "Inna, ba ina nufin Yaya ba."

Na ce wa ya ce kina nufi? Na tashi na je na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Likitan nan bai taɓa zuwa Cadawa ba. Uwata ta sha, kakata ta sha, ni na sha sau tara. Ga ni.

Talata, 31 ga Janairu

Ta farina, a ɗakina, safe da yamma nake ba ta kunun nan. Tana cewa ta ƙoshi.

Ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Ban ɗora tukunya ba tun da ta dawo. Ba wanda ya hana ni. Musbahu ke dafa makaroni in ya taso aiki, fari sol, ba gishiri. Sakina ta yi cokali biyu ta ture. Nonon da ya fara zuwa ya koma. Sajfam ta ce in ba ta ci ba ta sha ba, yaro sai bibero gaba ɗaya. Sakina ta juya fuska bango. Na ji tana jan hanci.

Sauran geron tsuntsun na zuba a bakin taga. Tattabaru sun zo. Su dai na ciyar da su ba abin da ya same su.

Mi na zo yi? Wanka ban yi ba, kunu na yi ya zama abin da ya zama. Harshensu ban ji. Ko murhun sai an kunna mani, ba wuta, baƙin gilashi ne mai zafi.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Balkisu ta zo. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa tukwane, ta dube ni.

"Iya, zaman makoki kike? Wa ya mutu?"

Na ce rufe mani baki, 'yar Cadakori.

"Ni na haifi uku a ƙasar nan, ba kanwa ba bedi, ga su can sun fi ƙarfin ubansu. Tashi ki ga."

Ta fito da wani kwali. Hatsi ne, amma an latse shi kamar mota ta bi ta kai. Abuwan ake ce mashi. Na juya kwalin ina neman hoton dabba. Ta fashe da dariya, ashe labarin tsuntsu ya kai mata.

"Wannan na mutane ne, Iya. Amma kar in ɓoye maki, dawakai ma shi suke ci."

Na ce madalla. Daga tsuntsu na koma doki. Saura jaki.

Ta ce a niƙa a injin, a dama da citta da kanumfari, a matsa lemun tsami, a sa madara. Ta ce tsofaffin da take kula da su da shi suke karyawa. Na ce shi ya sa 'ya'yansu suka kai su can suka aje.

Ta bar kwalin ta tafi.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Kwalin na nan. Ni ma.

Litinin, 6 ga Fabrairu

Na kai mata ruwan shan magani, ta riƙe mani zane kamar tana ƙarama.

"Inna, ki dama mani wani abu. Ko mi ne ne. In dai ke kika dama."

Na ce ba ki tsoro?

Ta ce, "Yunwa nake ji."

Na dama. Yauƙi gare shi kamar an sa kuɓewa, kala kamar ruwan wanki. Na ɗanɗana, ba kunu ba ne, ba koko ba ne, ba komi ba ne. Na ƙara citta har ta kama maƙoshi. Kafin in kai mata na kira Musbahu a waya, Sakina ta danna mani, na lissafa mashi abin da na sa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Haba Inna, ba sai kin..." Na ce sai na.

Ta sha rabin kofi. Ta huta. Ta shanye.

Na zauna ina kallon ƙafafunta har azahar.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Tuwon simil, garin alkamar Larabawa. Yana tuƙuwa, amma ba ya zama a ciki, kafin la'asar ka nemi inda ya shiga. Kuɓewa daskararriya daga firigo, ba kanwa, ta ƙi yauƙi yadda na sani. Ba daddawa. Na soya albasa har ta kusa ƙonewa don miyar ta samu abin faɗa.

Sakina ta ci malmala ɗaya da rabi. Musbahu ya ci a lungunshi, na ji ƙarar cokali a gindin tukunya.

Ni ban ƙoshi ba tun da na bar Cadawa.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Rigarta ta jiƙe ta gaba. Ta kwala mani kira kamar gobara, in zo in gani. Na gani. Na ce to sai ki ba shi, ni za ki nuna wa?

Ba ya isar shi, sai an ƙara da bibero. Amma ya zo.

Talata, 14 ga Fabrairu

Lami kuma. Wai shiru, ya mai jego, tana shan kunun? Matar ɗanta Hashimu ma watan haihuwarta ya tsaya, yau ko gobe, ta riga ta sayi kanwa da itace ta tara.

Na danna zan amsa, na saki. Na sake dannawa, na ce muna lafiya, sanyi ne kawai.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Jaka ta iso. Wai ta je wata ƙasa ta dawo. Ta fi ni yawo.

Na buɗe a tsakar ɗaki. Daddawa ta cika gidan, Musbahu ya buɗe taga, ni na rufe. Gero na nan, namu, na gonar Malam, ko ƙwaro bai taɓa ba. Na tura hannu ciki har wuyan hannu na bar shi a nan. Kanwa ƙulli guda, mai kyau, ja.

Sakina tana kallona. Musbahu shina kallon bango.



Asabar, 18 ga Fabrairu

Arba'in. Ba wanka, ba kitso, ba yawon gaishe-gaishe. Balkisu ta zo ta yi mata lalle. Sakina ta sa takalminta na fita, ya shiga.

Na yi tuwon gero da miyar kuka, da daddawa. Na ci har na ji kunya. Tsohon ƙasa bai buga ba, a injin na niƙa.

Da safe na tambaye ta ko in dama mata na geron gida, ba komi ciki. Ta ce gobe, yau dai na dokin, ya fi kwanta mata. Na ce dama na riga na ɗora ruwanshi, ba don ya fi ba. Ragowar da ta bari ni na shanye, don kar a zubar.

Kanwar na ba Balkisu, ta dafa wake. Na ce ta tafi da ita duka, wurin ajiya ne ba mu da shi.

Bayan la'asar na sa Sakina ta danna mani Lami. Na ce ta fita ta ba ni wuri. Na gaishe ta, na tambayi awakina, na tambayi matar Hashimu. Sai na ce, Lami, in ta sauka, kar ki cika mata kanwa. Ta bana ƙarfi gare ta, ba irin ta da ba ce. Ko ki bari ma sai ta yi arba'in. Kuma ki riƙa danna mata ƙafa da yatsa, in ramin ya zauna ku tafi likita, kar ku tsaya ƙara itace.

Za ta ce Turai ta shiga kaina. To, ta ce ɗin.

Saƙon ya tafi, na ga alamar nan biyu a waya. Maigida ya tashi, shina neman abinci.